Rogon Bana Lombe a Ƙasar Kirista

Wata goma sha huɗu da binne mijinta, har yanzu Bana Lombe, wato uwar Lombe a bakin Bemba na Zambiya, ba ta isa ta taɓa jariri ba, ba ta isa ta zuba gishiri a tukunyar da wani zai ci ba, don al'ada ta ce kurwar mamacin tana tare da ita. Abin da ya rage a yi mata kuwa bai kai a kira shi aiki ba. Ƙanen mijinta Katongo, wanda ake kira Ba Katongo don girmamawa, zai ɗebi garin masara da yatsu uku, ya shafa mata a goshi a gaban mutane, ya ce dangi sun sake ta, kurwar ɗan'uwansu ta koma hannunsu. Shi ke nan. Da can sai wani daga dangin miji ya kwana da matar, amma tun da ciwon nan mai karya garkuwar jiki ya shigo yana kwasar mutane aka bar wancan aka koma shafa garin. Garin ma Ba Katongo ya ƙi.

A bakin coci cewa yake shi dattijon ikilisiya ne, hannunsa ya bar ayyukan duhu. A bayan gida kuwa, inda ba mai ji sai kaji, ya gaya mata ta kawo takardar gidan, gobe-gobe a gama. Alhali tun ƙasar kabari ba ta bushe ba suka kwashe keke da gado da keken ɗinki, da kwanon rufin da aka tara domin ɗakin baya. Tukunyar da take tuƙa nshima, tuwon masararsu, ma sai da wata ƙanwarsu ta kifa ta, ta ga gindin ya huje, sannan ta bar mata.

Duk wannan ta shanye. Ta shanye masu sayen gasasshen rogonta a tasha da suka koma teburin gaba suna gaishe ta daga nesa. Abin da ya ƙi shanyuwa shi ne jikan. Lombe, 'yarta tilo, ta haifi namiji wata uku da suka wuce, surukar Lombe kuwa, Bana Kangwa, ta tare ƙofa ta ce ba don ƙiyayya ba, amma mai ɗauke da mamaci ba za ta ɗaukar mata jika ba. Ta taga Bana Lombe take ganinsa. Yaro har ya fara dariya, ita ba ta san nauyinsa ba.

Ta je wurin fasto, ya ce ta yi azumi. Ta je ƙaramar kotu, aka ce maganar dangi ce, a koma gida a sasanta. Sai ranar Talata ta ji a rediyon maƙwabta cewa manya sun taso daga Lusaka, za su zauna a zauren majalisar gari nan Kasama ranar Alhamis, kuma kowa da kowa, mai takalmi da marar takalmi, yana iya zuwa ya faɗi abin da ke cinsa game da babbar dokar ƙasa. Babbar doka. Wato wadda ta fi ƙaramar kotu, ta fi fasto, ta fi Ba Katongo da duk zuriyarsu. Tun daga wannan sa'ar ƙafarta ta daina zama wuri ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta ƙulle guntun rogo da gyaɗa a bakin zanen saboda yunwar rana, ta biya kasuwa ta ɗauki Amai Jere. Ita wannan Amai Jere mai sayar da garin masara ce, 'yar ƙabilar Ngoni daga Chipata, wato mbuya, abokiyar wasa, don tsakanin Ngoni da Bemba, ƙabilar su Bana Lombe, babu zagin da yake zagi. Duk kasuwar ita kaɗai ce ba ta daina cin rogon Bana Lombe ba. Cewa take fatalwar Bemba ba ta da lokacin kama mutum, tana can tana satar kaji kamar yadda ta saba tun tana raye.

A hanya ta yi ta gaya wa Bana Lombe cewa ba kotu ba ce, taron masu takarda ne, za su kore ta ne kawai a gaban jama'a.

"An ce kowa ya zo," in ji Bana Lombe. "Ban ji an ce ban da masu sayar da rogo ba. Ɗaga ƙafa, mai cin ɓera."

"Ina ɗagawa, mai cin biri. Ke ce dai kike gudu kamar wadda aka biyo da kayan sata."

Tun daga nesa suka jiyo ganguna. Motoci sun kwaso mutane daga Mungwi da Luwingu, mawaƙan coci-coci sun ja layi kowa da irin rigarsa, matan zumunta da jajayen riguna da fararen ɗankwali sun cika benci shida na gaba. A ƙofa wani magatakarda ya rubuta sunanta ya ba ta takarda mai lamba. Ta miƙa wa Amai Jere, ta ce arba'in da ɗaya ne. Can gaba an kafa dogon tebur da tuta da kwalaben ruwa, mutum biyar a zaune, a tsakiyarsu shugabar zama, wata dattijuwa mai furfura da tabarau rataye da sarƙa. A gabanta akwai 'yar ƙararrawa. Kowa minti uku ne, ta buga ka sauka.

Ba a yi mutum goma ba Bana Lombe ta gane ba wanda ya zo ƙara. Duk wannan taron, duk wannan kiɗan, a kan layi ɗaya ne da aka ce yana can a goshin babbar dokar, inda aka rubuta cewa Zambiya ƙasar Kirista ce. A bar shi ko a cire.

Wata budurwa mai muryar waƙa ta ce a dubi maƙwabta, a dubi Kongo nan kusa, yaƙi ya cinye su, mu kuwa ko harsashi ɗaya. Wa zai ce ba hannun Ubangiji ba ne, kuma wa yake so ya ture hannun? Zaure ya ɗauki Amin har kwanon rufi ya amsa. Wani siririn malamin sakandare, Ba Sichone, ya tashi ya ce mutum ake yi wa baftisma, ƙasa ba ta da rai balle zunubi, kuma a gaya masa a wane kogi aka tsoma ta, Chambeshi ko Zambezi. Aka yi masa ihu, wata ta ce a duba kansa ko akwai ƙaho. Ba Desai mai kantin kayan gini, wanda ba Kirista ba ne, ya yi magana a hankali, ya ce kakansa yana kwance a maƙabartar garin nan, shi dai yana so ya sani ne, ɗan gida ne shi ko baƙo mai daɗewa. Nan zauren ya ɗan yi sanyi, don rabin mutanen da ke ciki kwanonsa ne ya rufa musu ɗaki. Wani tsohon fada, limamin coci, ya ce shi shekara arba'in yana jin ikirarin zunuban garin nan, shi ba zai yi gaggawar sa wa ƙasar wannan suna ba. Wani fasto mai farar kwat ya mayar masa da cewa ai suna alkawari ne, yaro ma tun bai iya komai ba ake raɗa masa suna mai kyau don ya girma ya cika shi.

Bana Lombe ta ji duk sun burge ta, kuma duk sun ɓata mata rai. Ta rufe tebur, ta yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ta zo ta zauna tana jin gardamar layin da ba ta taɓa gani ba, ko ta gani ba za ta bambanta shi da tafiyar tururuwa ba. Har ta gyara zane za ta tashi, sai aka kira lamba talatin da takwas.

Ba Katongo ne. Sanye da kwat mai ruwan toka, hannun ya yi masa tsawo. Ta san kwat ɗin. Ita ta ɗinke aljihunsa na hagu da baƙin zare, shekarar da aka yi auren Lombe.

Mutumin ya iya magana, wannan ba wanda zai hana shi. Ya ce kafin haske ya zo kakanninmu suna tsoron itace da dutse da matattu, yau kuwa mayu sun ji kunya, fatalwa ba ta da iko a ƙasar da aka miƙa wa Yesu. Ya ce a cire layin nan a ga yadda duhu zai dawo da gudu. Ya ɗaga yatsa ya ce a ƙasar Kirista ce kaɗai maraya yake barci da ƙoshi, gwauruwa take da mai share mata hawaye. Mata suka miƙe suna guɗa. Bana Lombe ta hango Bana Kangwa a benci na biyu, hannu a baki, tana rangaɗa tata da dukan ƙarfinta.

Amai Jere ta kama mata zane don ta ga tana neman zabura. Ba fushi ba ne. Daɗi ne, irin na wanda ya daɗe yana neman maciji a ɗaki sai ga shi ya fito tsakar gida da rana. Na talatin da tara da na arba'in ko kalma ɗaya ba ta ji daga bakinsu ba.

Da aka kira lambarta, magatakarda ya miƙa mata makirufo, ta riƙe shi kamar muciya. Shugabar zama ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta ra'ayinta, a bar layin ko a cire. Ta ce ita ƙara ta kawo. Shugabar ta fara yi mata bayani cewa nan ba kotu ba ce, ba sa yanke wa kowa hukunci, ji kawai suke su rubuta.

"To ku ji ku rubuta. Minti ukun nawa ne ko naku?"

Shugabar ta cire tabarau ta ce nata ne.

Ta ajiye makirufon a tebur, don muryar da ta shekara talatin tana kiran fasinja a tasha ba ta bukatar ƙarfe. Ta faɗi sunan mijinta da ranar da ya mutu. Ta lissafa keke da gado da keken ɗinki da kwano. Ta faɗi maganar gari da maganar takardar gida, ta faɗi jikan da take leƙe ta taga. Wasu suka fara gunaguni cewa ba abin da aka zo yi ba ke nan, wasu kuwa suka hau kan benci don su ga fuskarta.

"Ni ban yi makaranta ba, uwata," ta ce wa shugabar. "Layin naku ban san ko fari ne ko baƙi ba. Amma ga mutumin da ya ce fatalwa ba ta da iko a ƙasar nan, ga shi can cikin kwat ɗin mijina. Yanzu za mu gani."

Ta kwance bakin zanenta, ta ɓalli rogo ta haɗa da gyaɗa a tafin hannu, ta sauko daga gaba ta nufe shi. Abin da ya faru a nan, wanda bai gani ba zai ce ƙari ne. Mutanen da yanzun nan suka cika zauren da Amin suka dare gida biyu. Benci yana ƙara, mata suna tattare zane kada ya goge ta, wata ta fizge goyonta ta juya shi bango, fasto mai farar kwat ya tuna yana da magana da wani a can baya. Ta tsaya a gaban Ba Katongo ta miƙa masa hannu.

"Ba mulamu, ƙanen mijina, ni na gasa, ni na sa gishiri. Ci."

Ba Sichone malamin sakandare ya fashe da dariya har yana dukan cinya, yana cewa ga amsar da ya kasa ba su da Turancinsa duka. Bana Lombe ta juya kansa.

"Kai ma malam, da ka ce ƙasa ba ta da rai, ai ka fi kowa sanin ba komai. Karɓi naka."

Dariyar ta maƙale masa. Ya cusa hannuwa biyu a aljihu, ya ce shi likita ya hana shi rogo saboda gyambon ciki. Nan kam zauren ya rushe. Masu son layi da masu ƙin layi suka haɗu suna dariya, har tsohon fadan nan yana share ido da hannun riga. Magatakarda ya nuna wa shugabar agogo, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙararrawar ta bar shi a nan.

Ba Katongo ya jiƙe da gumi. Ya ce maganar gida ba a kawo ta gaban baƙi. Ya ce matar nan baƙin ciki ya taɓa mata kai, a yi mata addu'a. Hannun dai yana nan a miƙe a ƙarƙashin hancinsa. Sai ya ce azumi yake.

"Azumin wa?" Amai Jere ce ta taso tana tsallake ƙafafun mutane. "Ni da idona na gan ka a ƙofa kana tura fanke biyu a baki ɗaya. Ku Bemba, ko ƙarya sai kun sato ta wani. Kawo hannun nan, mijina."

Kafin ya ankara ta kama wuyan hannunsa, ta kwance ƙullin garin da ta zo da shi daga teburinta za ta kai wa wata mai saye, ta juye masa a tafi har yana zuba a kan takalminsa. Da wata ce ta yi wa dattijon ikilisiya haka, da an fitar da ita. Amma mbuya ce. Ita ce mai shafa wa Bemba gari a wurin makoki, ita ce mai zama a kan akwatin gawa ta hana a ɗauka, kuma wanda ya yi fushi da mbuya ya zama abin dariya har kan jikokinsa. Ta ce masa hanya biyu ce, duk ba tsada: in babu fatalwa ya ci rogo, in akwai ya shafa gari.

Ya waiga yana neman fastonsa, ya same shi yana nazarin fankar sama. Ya dubi rogon. Bana Lombe ta ga abin da ba ta taɓa zato ba: mutumin tsoro yake ji, tsoro na gaske. Duk wata goma sha huɗun nan ya san wansa bai kwanta ba, yana kuma sanye da rigarsa. Ya sunkuyo kusa da kunnenta ya yi raɗa.

"Ya ce takardar gidan fa?" ta faɗa da ƙarfi, ta juya ga teburin manya. "Ku rubuta wannan ma."

Wata tsohuwa cikin matan zumunta ta yi tsaki mai tsawo, sai tsakin ya bi benci-benci. Ba Katongo ya runtse ido, ya tsoma yatsu uku a garin, ya goga mata a goshi da sauri kamar mai taɓa tukunya a wuta, yana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba, ya faɗa da muryar da ya yi wa'azi ɗazu, ya kuma kira sunan mamacin. Ya ɗaga murya.

"Mu dangin Chewe, uban Lombe, mun karɓi namu. Mun sake ki. Ki dafa, ki ci da mutane, ki ɗauki yara."

Guɗar da aka yi ta fi ta farko, kuma bakunan nan ne dai suka yi ta. Mai ganga a waje bai san me ake ciki ba, ya ji guɗa ya saki kiɗa. Wata da ta tattare zane ɗazu ta zo ta rungume ta, wata ta ɗauki gyaɗa ɗaya daga tafinta ta jefa a baki don a gani. Bana Lombe ba ta tsaya karɓar barka ba. Idonta yana kan benci na biyu.

Sai da shugabar ta buga ƙararrawa sau huɗu aka yi shiru. Ta ce har yanzu ba a rubuta ra'ayin mai lamba arba'in da ɗaya ba, a bar layin ko a cire?

Bana Lombe ta tsaya, gari yana zubo mata a gira.

"Ku kuka san tsadar tawada. In za ku bar shi, ku rubuta a ƙasansa wace rana za a fara aiki da shi."

Shugabar ta ce wa magatakarda ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya gyara. Aka kira lamba arba'in da biyu, wani ya tashi ya ci gaba da maganar Kongo.

Ita kuwa ta riga ta kai benci na biyu. Ta damƙi wuyan hannun Bana Kangwa, ta jira ta ga ko za ta janye. Bana Kangwa ta dubi hannun, ta dubi goshin, ta ce a bar ta ta ɗauki jakarta mana. Ba a bar ta ba. Haka suka ratsa ta bayan kasuwa, tsofaffi biyu suna sauri kamar 'yan mata, Amai Jere a baya tana haki tana tambayar wa zai gaya wa mai sayen garin masarar nan cewa garinta ya tafi aikin Allah. Masu tebur suna ganin farin goshin suna tafawa, wani direba ya leƙo ya ce gobe a ajiye masa rogo mai laushi, ta ce ya koma inda yake saye.

Sun tarar da Lombe a tsakar gida tana shanya, yaron yana kwance a tabarma a gindin mangwaro yana harba ƙafa. Lombe ta ga goshin uwarta, rigar da ke hannunta ta faɗi a ƙasa. Bana Lombe ta goge tafinta a zane sau biyu, ta durƙusa, ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyansa ɗaya a ƙugu, ta ɗaga. Ya fi yadda ta zata nauyi nesa ba kusa ba. Ya ƙura wa baƙuwar fuskar ido, ya kwaɓe baki, ya tsala kukan da ya tashi kajin gidan.

Lombe ta matso za ta karɓe shi, uwar ta juya mata baya. Ta shinshina kansa, ta buɗe ninkin wuyansa da yatsa ta duba, ta ce wannan wane irin wanka ake yi masa, dubi datti a bayan kunne, mata biyu a gida an rasa mai cuɗa yaro. Ta ce wa Bana Kangwa ta ɗora ruwa, kuma kada ya yi zafi da yawa. Bana Kangwa ta buɗe baki za ta ce nan gidanta ne, sai ta fasa, ta tafi neman itace.